Damisa ƙi sabo: shin zaman kaɗaici alamar ƙarfi ne?

Tambaya daga wata baiwar Allah a Marwa: Assalamu alaikum Malam. Ƙanena ya gama jami'a ya dawo gida, aiki bai samu ba. Yanzu ya kama ɗakin haya can bayan gari, ba ya zuwa suna, ba ya zuwa biki, ko majalisar abokansa ya daina leƙawa. In na yi masa magana sai ya ce shi damisa ne, wai dabbobi masu ƙarfi su kaɗai suke rayuwa, raunana ne ke bin garke. Kai da ka san dawa, maganarsa gaskiya ce? Ɗan Adam zai iya zama irin na damisa?

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah Ya saka miki da alheri da kika damu da yaron nan har kika tambaya. Aikina na namun dawa ne, tsakanin gandun Waza da na Binuwai a arewacin Kamaru, don haka daga can zan ɗauko amsar kafin mu iso kan ɗan'uwanki.

Batun ƙarfi da rauni dai dawa ba ta goyi bayansa ba. Giwa ce mafi girma a doron ƙasa, cikin dangi take haihuwa, cikin dangi take mutuwa. Zaki a gungu yake, ɓauna a garke, dorinar kogin Binuwai ma a tare suke yini cikin ruwa. Gada kuwa, da bushiya, da hawainiya, waɗanda ba wanda ya taɓa yi musu kirarin ƙarfi, su ne masu zaman kaɗaici. Abin da ke raba masu taro da masu kaɗaici abu biyu ne: yadda abincin dabba yake shimfiɗe a ƙasa, da kuma wanda ke neman ya cinye ta.

Ki dubi gada da ɓauna. Gada 'yar tsince-tsince ce, tohon ganye nan, 'ya'yan itacen da suka faɗo can. Irin wannan abinci ba ya isar baki goma a wuri ɗaya, in ta zo da 'yan'uwa ta kwana da yunwa. Makaminta kuma ɓuya ne, ta lafe a duhuwa har maƙiyi ya wuce, taro kuwa ba ya ɓoyuwa. Ɓauna ciyawa take ci, ciyawa kuma ta cika fadama, ɗari na ci ba a tauye wa ɗaya komai ba. A fili take, ba inda za ta ɓuya, saboda haka abin da ya fi mata shi ne idanu da yawa da ƙahoni da yawa. Wani masani mai suna Peter Jarman ya tsara wannan a 1974 bayan ya nazarci dangin su barewa da gwanki na Afirka: ƙanana masu zaɓen ganye a duhuwa, ɗai-ɗai ko bibbiyu, manya masu kiwon ciyawa a fili, garke-garke. Duk wanda ya tsaya bakin tafkunan Waza da rani ya ga mariya ta yi dafifi, ya ga wannan doka da idonsa.

Damisar da ƙanenki ya zaɓa, sanɗa ce sana'arta. Takan lallaɓa har ta matso ƙwarai, sannan ta daka tsalle guda. Mai sanɗa ba ya son rakiya. Abin da take kamawa kuma, barewa ko gada ko biri, cikinta kaɗai yake isa, shi ya sa take jan shi saman bishiya don kada kura ko zaki su ƙwace. Amma ko ita, kaɗaicin nata ba irin wanda mutane ke zato ba ne. Ta san maƙwabtanta sarai. Tana barin musu saƙo da fitsari da kartar itace, tana yin wani kuka mai kama da ana zarta katako don su san inda take. Yankin namiji ɗaya yakan haɗe na mata da dama. Ɗanta kuma yakan yi shekara ɗaya da rabi zuwa biyu a gindin uwarsa yana koyon farauta. Damisa ta ƙi sabo da mutum, amma ba ta jahilci 'yan'uwanta ba.

Zaki ne kaɗai a dangin kyanwa yake zaman gungu na sosai, kuma an daɗe ana cewa don farauta ne. Craig Packer, wanda ya shafe shekaru masu yawa yana bin zakunan Serengeti a Tanzaniya, ya nuna cewa sau da yawa zakanya ɗaya tana ƙoshi kamar wadda ke cikin gungu, tunda ba ta da abokin rabo. Abin da ke haɗa su ƙasa ce da 'ya'ya. Gungu mai yawa shi ke riƙe wuraren da ruwa da nama suke, shi ke iya korar baƙon namijin da zai zo ya kashe 'ya'yan da ba nasa ba. A 1994 Karen McComb da abokan aikinta sun saka wa zakoki mata rurin baƙi ta lasifika, wani lokaci murya ɗaya, wani lokaci uku. Sai aka ga suna auna yawansu da na baƙin kafin su tunkara, in ba su da rinjaye su noƙe. A nan wajenmu kuma, binciken da Hans Bauer ya yi a Waza ya nuna gungun zakunanmu ƙanana ne in an kwatanta da na gabashin Afirka, don nama bai kai na can yawa ba. Zakin dai shi ne, ƙasar ce ta bambanta, sai zaman ya bi ta.

Haka abin yake ko'ina aka duba. Kura mai dabbare-dabbare tana cikin dangi da kan kai gommai, mace ke shugabanci, amma takan fita kiwon dare ita kaɗai ta dawo. 'Yar'uwarta sayaki, ta ƙasashen da suka fi bushewa kamar arewacin Chadi, tsintar mushe da ƙananan abubuwa take yi, yawonta ita kaɗai. Zanzaron da ke gina ɗan ɗakin laka a kusurwar ɗakinki ba shi da sarauniya ba shi da ma'aikata, uwa ɗaya ce ke gini, ta zuba tsutsa ko gizo-gizo, ta yi ƙwai ta toshe. Rina kuwa jama'a ce. Ko dangin ƙudan zuma, da suka kai iri kusan 20,000 a duniya, mafi yawansu ɗai-ɗai suke rayuwa. Masu amya da saƙa su ne 'yan tsiraru.

Wadda ta fi koya mini wannan darasi ita ce farar dango, kuma ina so ki tsaya a kanta. A hamada, shekarun da ba komai, fara ce mai kunya, launinta na ciyawa ko na ƙasa, tana gudun 'yar'uwarta, da dare take tashi. In aka yi ruwa mai kyau sai su hayayyafa. Ruwa ya ɗauke, ciyawa ta fara bushewa, sai ragowar kore ya tattaru a 'yan wurare, dole kowa ya zo nan. Da cunkoso ya yi yawa suna gogar juna a ƙafafun baya, cikin 'yan sa'o'i sai halinta ya juye, ta koma neman taro. Daga baya launi ma ya sauya, manya su koma rawaya, su riƙa tashi da rana. Bambancin ya kai har masana sun ɗauka iri biyu ne, sai a 1921 Boris Uvarov, da ya nazarci wata irin fara mai wannan hali, ya gano cewa fara ɗaya ce mai fuska biyu, a 2009 kuma aka nuna cewa wani sinadari na jijiyoyi, serotonin, shi ke kunna sauyin. Gungun da ya rufe murabba'in kilomita ɗaya yakan ɗauki fara miliyan 40 ko fiye, ya ci a yini abin da mutum 35,000 za su ci. Manoman Sahel daga Muritaniya har Chadi sun ga haka a 2004. Wani abin da ke tayar mini da tsigar jiki shi ne, 'ya'yan farar da ke tafiya a ƙasa sahu-sahu, har da tsoron cizo ke kora su gaba, don wadda ta tsaya na baya za su cinye ta. Ke nan ba kowane taro ne zumunci ba. Akwai taron da yunwa da tsoro suka haɗa.

Giwayen Zakuma a Chadi ma sun nuna haka. Daga 2002 zuwa 2010 maharba masu neman haure suka rage su daga wajen 4,000 zuwa kimanin 450. Ragowar suka dunƙule garke guda suna gudu tare, haihuwa ta kusa tsayawa cak. Sai da tsaro ya inganta bayan 2010 aka sake ganin 'ya'ya a bayan iyaye, adadin ya haura 500. Taro yana da haraji ko a lokacin lafiya: rabon abinci, faɗan matsayi, da cuta. Ciwon bushiya da ya share shanun Fulani a shekarun 1890, ya sake dawowa a farkon shekarun 1980, ta garke ya bi, har ɓauna bai bari ba. Kwalarar da ta kashe ɗaruruwan mutane a yankin Arewa Mai Nisa na Kamaru a 2010 ta wuraren da muke tarayya ta bi, rijiya da kasuwa da zaman makoki.

Kaɗaici ma yana da nasa harajin, kuma mu mutanen arewacin Kamaru mun fi kowa sanin ɗacinsa. Baƙin karkanda na yammacin Afirka, a dazuzzukanmu ya yi zamansa na ƙarshe. Maharba ne suka ƙarar da shi saboda ƙaho, amma da suka ragu zuwa 'yan ƙalilan warwatse a daji mai faɗi, namiji da mace ma ba sa haɗuwa balle a haihu. Aka bi sawu a 2006 ba a ga ko ɗaya ba, a 2011 aka bayyana cewa irin ya ƙare a duniya.

Yanzu ga tambayar da ta shafi ƙanenki: ɗan Adam, abincinsa yaya yake shimfiɗe? Amsar ita ce a hannun mutane yake, da cikin kawunansu. Ɗan barewa yana miƙewa ranar da aka haife shi. Namu sai an goya, an yaye, an yi shekaru ana ciyar da shi. Birin nan chimpanzi takan yi shekara biyar tsakanin haihuwa da haihuwa domin ita kaɗai ke ɗawainiya. Matanmu kuwa suna yaye a wajen shekara biyu, wani ya biyo, saboda akwai kaka da za a kai wa yaye, akwai goggo, akwai 'yar raino, akwai maƙwabciya. Ilimin ci da sha ma gado ne. Ba wanda ya zauna shi kaɗai ya gano cewa rogo mai ɗaci sai an jiƙa shi kafin ya ciyu, ko yadda ake dashen masakwa a baƙar ƙasa bayan ruwa ya ɗauke har ta nuna ba tare da ɗigon ruwan sama ba. Kakanninmu fatake da ake ganin sun yi nisa da gida, jama'a suke bi: daga zango zuwa zango, a sauka wajen fatoma, shi zai ba da masauki, ya nemo mai saye, ya tsaya wa bashi. Da haka Bahaushe ya kafa unguwa a Birketiri ta Yawunde da New Bell ta Duwala. Makiyayin da ke can cikin daji shi da sandarsa, in annoba ta cinye masa shanu, ɗan'uwansa ne zai ba shi aron saniya ta habbanaye ya sake tayar da garke. Ƙanenki a ɗakin hayarsa, shinkafar Yagwa yake ci da wani ya noma, ruwan da wani ya turo yake sha, wayar da wasu suka ƙera yake riƙe. Amfanin jama'a bai yanke masa ba. Abin da ya yanke shi ne ɓangaren da ake ganin fuskarsa a tambaye shi ya ya kwana, kuma wannan ɓangaren ne jiki ya fi bukata.

Masana sun auna wannan. A 2010 Julianne Holt-Lunstad ta tattara bincike 148 da suka shafi mutum fiye da 300,000, aka ga masu kyakkyawar alaƙa da mutane sun fi marasa ita damar tsawon rai da kashi 50 cikin ɗari. Majalisar Ɗinkin Duniya, a ƙa'idojin kula da fursunoni na 2015 da aka sa wa sunan Mandela, ta haramta a tsare mutum shi kaɗai sa'a 22 a yini fiye da kwana 15 a jere, don an ga abin da hakan ke yi wa hankali. Ingila ta naɗa ministar kula da matsalar kaɗaici a 2018, Japan ta bi sahu a 2021. Ko gwaggon biri, binciken Amboseli na Kenya ya nuna a 2003 cewa matan da suka fi cuɗanya da 'yan'uwansu, 'ya'yansu sun fi rayuwa. Addininmu kuma ya san amfanin keɓewa, ga kogon Hira, ga i'itikafin goman ƙarshe na azumi, amma keɓewa ce mai ranar fita. Hadisi ya fifita muminin da ke cuɗanya da mutane yana haƙuri da cutarwarsu a kan wanda ba ya cuɗanya da su.

Sai dai Hajiya, ba zan ɓoye miki ba, akwai inda nake ganin yaron yana da hujja. A dabbobin da asalinsu na taro ne, in kika ga ɗaya shi kaɗai, da wuya a ce zaɓi ne. Ko dai an kore shi, ko yana da ciwo, ko kuma saurayi ne da ya fita neman nasa wurin. Tsohon ɓauna da ya bar garke ya koma bakin rafi, ma'aikatan daji sun fi jin tsoronsa, kuma shi zaki ya fi samu. Samarin zaki sukan bar gungun iyaye suna da shekara biyu zuwa huɗu, amma galibi da 'yan'uwa suke fita. Toron giwa yakan bar dangin uwarsa yana ɗan shekara 12 zuwa 15, ya je ya raɓi manyan toraye. Fita daga gida a wannan shekaru ba laifi ba ce, abin dubawa shi ne wurin wa aka je. A gandun Pilanesberg na Afirka ta Kudu an zuba marayun giwaye da suka tashi babu manya, da suka balaga sai suka riƙa kashe karkanda, fiye da 40 a shekarun 1990. A 1998 aka kawo manyan toraye shida daga gandun Kruger, ba su yi yaƙi da samarin ba, zamansu a wurin kawai ya kwantar da abin.

To cikin ukun nan, wanne ne ya sami ƙanenki? Ni zatona ya fi karkata ga biyun farko. Saurayin da aka kashe wa kuɗi ya yi karatu, ya dawo ba aiki, kowane taro a gare shi kotu ce. A gidan suna a tambaye shi ina aikin, a gidan biki a tambaye shi yaushe nasa, a zagayo da gudummawa aljihunsa ba ko sefa ɗari biyar, ƙanen bayansa mai shago a kasuwa ya ajiye dubu goma kowa na gani. Mu ba mu ɗauki wannan kora ba, muna kiransa wasa ko nasiha, amma gori yana korar mutum kamar yadda ƙaho ke kora. Na fi zaton maganar damisa mayafi ce ya samu ya rufe kunya da shi, don ya fi sauƙi mutum ya ce ni na ƙi su da ya ce na kasa zama a cikinsu. Wannan laifin namu ne mu manya, kuma yana ci mini rai, domin samari irinsa sun cika Marwa da Garwa da Kusuri da Njamena.

Kada kuma ki sa ran lallai sai ya zama mai son hayaniya. Allah Ya halicci wasu da ƙaramin cikin taro, biki na gajiyar da su, kuma lafiyarsu ƙalau. Mutum biyu ko uku da zai iya buɗe wa ciki, waɗanda in bai fito kwana biyu ba za su ƙwanƙwasa ƙofa, sun wadatar. Wannan za ki nema masa, halartar suna ta biyo baya.

Ki bar musu da shi a kan damisa, ko kin ci gardamar ba ki samu ƙanenki ba. Ki je wurinsa ke kaɗai, kada a tara masa tawagar dangi. Kada ki ambaci aiki ko aure. Ki nemi taimakonsa a wani abu na gaske da ya iya: ya riƙa yi wa 'ya'yanki bitar lissafi da Faransanci da yamma, ko ya riƙe miki littafin adashi. Wanda kunya ta kora, a ce ana bukatarsa ya fi masa a ce ana tausayinsa. Ki kuma duba cikin kawunnanku ko tsofaffin malamansa wane ne yake ganin girmansa, mai kawaici wanda ba ya gori, ki roƙe shi ya riƙa jansa a jiki ko da rakiyar kasuwa ce ko tafiya masallacin Juma'a.

Ki sa ido a kan wasu alamu. In barcinsa ya lalace, ya rame, ya daina wanka da wanki, ko kin ga fakitin tramol a ɗakin, ko wasu baƙin da ba ku sani ba sun zama su kaɗai ne abokan hirarsa a waya, abin ya wuce hali. A yankinmu da masu ɗauke da makamai ke farautar samarin da suka yanke ƙauna, wannan na ƙarshe ba abin wasa ba ne. In kuwa ya fara cewa rayuwa ba ta da amfani, ko gara ya mutu ya huta, kada ki jira ya huce, kada ki bar shi ya kwana shi kaɗai. Ciwon damuwa ciwo ne da ake magani. Ku ɗauki wanda ya fi yarda da shi a cikinku, ku raka shi asibiti a ranar, ku nemi ganin likitan da ke duba lafiyar ƙwaƙwalwa.